Jijiyar da ta Rage

Tun hantsi nake tsaye a bakin iyaka, nan Magama, ina leƙen duk babur ɗin da ya ɓullo daga wajen Nijar. Da safe Inna, mahaifiyata, ta bugo mini cewa jikin yarinyar ya sake tashi, idonta ya yi fari fat. Yarinyar 'yata ce ta fari, shekararta bakwai, tana da sikila. Tun da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta zuwa ƙauyenmu na tsallake, kamar yadda aka saba. Na san abin da farin idon nan yake nufi: jini ya yi ƙasa, sai an ƙara mata, kuma a ranar.

Ni dama ba gwanar jira ba ce. Har mai rake sai da na yi wa tsawa, bawan Allah bai yi mini komai ba. Sai gab da azahar suka iso. Yarinyar tana tsakanin Inna da ɗan kabu-kabu, wuya ya langaɓe, amma an caɓa mata ado da kayan sallah, har da kwalli.

Na ce, "Inna, wannan kwalliyar fa?"

Ta ce ƙasa-ƙasa, "Yi shiru. Ce mata na yi kasuwa za mu ci. In ta ji zancen likita, ko da igiya ba ta tahowa."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Laifi tudu ne. Ni ma na sha ce mata in ba ta yi shiru ba, zan kira mai allura.

A asibiti an samu jini, ƙanena ya bayar. Saura a sa mata allurar da zai bi. Tana ganin masu fararen kaya ta gane an yaudare ta, sai ga wadda ba ta iya ɗaga kai tana shure-shure. Muka yi yadda muka gada, mutum uku muka danne ta. Sau biyu nas tana soka allura tana fizgewa, jijiya tana fashewa. Nas ɗin ta miƙe ta share gumi.

Ta ce mini, "Hajiya, jijiyoyinta sun lafe. Guda ɗaya nake gani mai kyau, a bayan hannun hagu. In ta ɓata wannan ma, sai dai a tura ku Katsina."

Na dubi leɓen yarinyar, ya yi fari kamar an shafa toka. Tsoro ya kama ni, don ban ga alamar za ta jure wannan tafiyar ba.

Nas ta ce kowa ya sake ta, ta kuma ce in kawo wayata. Tun zuwanmu na baya ta sa mini wata manhaja ta yara masu jinya, ni kuwa na raina ta, na ce wasa ne, ko buɗe ta ban taɓa yi ba. Ta kunna ta riƙe a gaban yarinyar. Zanen wata yarinya ne a asibiti, ana nuna mata komai dalla-dalla: ga robar da za a ɗaure hannu, ga auduga mai sanyi, ga allura. Sai kuma balan-balan, wanda in yaro ya hura wayar yake kumbura.

Inna ta taɓe baki. "Yanzu salula ce za ta yi abin da mutum ukku suka kasa?"

Yarinyar dai ta daina ihu, tana ajiyar zuciya tana kallo. Can ta juyo gare ni. Dama "Yaya" take kira na.

"Yaya, da zahi?"

Saura kaɗan in ce babu. Na ce, "Da zafi, kamar cizon cinnaka. Ki yi ta hurawa har ya wuce."

Nas ta ce sai an ɗora ta a cinya, ƙirji da ƙirji, kamar yadda zanen ya nuna. Inna ta miƙo hannu, yarinyar ta maƙe kafaɗa.

"Ba ni son Inna, ƙarya tay yi mini." Ta nuna wayar. "Waccan uwatta ce tar riƙe ta."

Nas ta juyo ta dube ni. A gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun da na haife ta ban taɓa ɗaukarta a gaban Inna ba, ban taɓa faɗin sunanta ba, sai dai in ce "ke" ko "'yar Inna". Na dubi Inna, ta mai da ido bango. Kunya ta rufe ni har kunnena yana zafi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zauna a bakin gado na ɗauke ta. Ba nauyi ko kaɗan, jikinta kuwa kamar garwashi.

Aka ɗaure hannun. Ƙanena ya riƙe mata waya ta bayan kafaɗata, tana hurawa, balan-balan yana kumbura. Da audugar ta taɓa ta sai ta daina hurawa. Na ji jikinta ya sandare, na san fizgewa za ta yi. Ban san lokacin da sunanta ya fito daga bakina ba, da ƙarfi, sau biyu.

Ta ɗago ta zuba mini ido, ta manta da hannun.

Nas ta ce, "Ta shiga. Alhamdu lillahi."

Inna ta ja mayafi ta fita waje. Ni kuwa ban motsa ba, ina kallon jinin yana ɗiga yana bin robar. Nas ta ce ai yanzu zan iya kwantar da ita, na ce a bar ta. Mun daɗe a haka, na ɗauka ma barci ya kwashe ta. Sai na ji ta yi magana a wuyana, murya can ƙasa.

"Yaya, ashe kin san sunana?"