Ranar da Gwaggo Ta Ɗauki Jakar Kulake

Shekaranjiya na bi ta unguwar Goutte d'Or a nan Paris zan sayi kilishi wajen wani Alhaji ɗan Chadi, sai na ratsa ta ƙofar mai gyaran takalma. Warin fata da mai ya buge ni, na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wata mata mai tura keken jariri ta yi mini tsaki. Warin safar hannun Madam ne sak, wadda muke cafe ƙwallo da ita muna yara. Ni kuwa ba na tuna Madam ban tuna Gwaggo ba.

A Minguettes na tashi, a gefen Lyon, cikin dogayen benayen nan da asansarsu, na'urar hawa bene, ke lalacewa duk lokacin sanyi. Baba ya zo daga Damagaram karatu, ya gama, ya samu aiki a wata masana'antar magani. Innata ta rasu ina ƙarama ƙwarai, shi ne yayar Baba ta taho daga gida don ta riƙe ni. Da bizar ziyara ta shigo. Biza ta ƙare, aka ba ta takardar wucin gadi, ita ma ta ƙare, aka ƙi sabunta ta. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini wannan, amma yaro ba ya buƙatar a faɗa masa. Na ga Gwaggo ba ta shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba ta wuce kasuwar unguwa. In aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi, sai ta ajiye muciya ta shige ɗaki, ni in je in buɗe.

A ƙarƙashin tagarmu akwai wani fili mai ciyawa jefi-jefi. Nan Madam take tara 'yan mata ranar Laraba da yamma tana koya mana bezbol, wasan Amirkawa: ɗaya ta jefo ƙwallo, ɗaya ta make ta da kulki ta ruga tana zagaya fili kafin a cafo a dawo da ita. Madam baƙar fata ce 'yar Chicago, aure ya kawo ta Faransa, miji ya rasu ta zauna. Ta tsufa, tana dogara sanda, amma in ta jefa ƙwallo sai tafin hannunka ya yi zafi har cikin safa. Tana budurwa, in ji ta, ta yi wasa a ƙungiyar mata ta garinsu, mutane na cika fili don kallonsu, amma in sun fita wasa wani gari akwai gidajen abincin da ba a bari su zauna. In ruwan sama ya kore mu ƙarƙashin rumfa, sai ta kama ba mu labarin matan garinsu na da, waɗanda aka ce wa ba a yi suka yi: masu rubutu a jarida, masu buɗe makarantu, masu riƙe ƙungiyoyin wasa a gaban maza.

Gwaggo ta daɗe tana kallonmu ta taga. Wata rana da sanyi ya tsananta sai ga ta ta sauko da fulas cike da kunun gyaɗa. Tun daga nan suka ƙulla ƙawance da Madam. Faransancin Gwaggo bai wuce na cefane ba, na Madam kuma a karkace yake, don haka ni ce tafinta. Da na juya wa Gwaggo labarin matan Chicago, sai ta taɓe baki ta ce, "Gaya mata ni ma na yi langa a ƙofar gidanmu, har maza na kayar." Madam ta yi dariya har ta share hawaye.

Da bazara ta shigo, shekarar da na shiga aji na biyu a kwaleji, wato ƙaramar sakandare, aka gayyaci ƙungiyarmu wasa a Sevran, can bayan Paris. A je da safe a dawo a ranar. Ni ce mai jifa, in ban je ba babu wadda za ta tsaya a madadina. Baba yana da aiki ranar Asabar ɗin, ya ce 'yarsa ba za ta je Paris babu wani nata a kusa ba. Na shiga ɗaki na kife a katifa. Daga nan nake jin su.

"Ni zan raka ta," in ji Gwaggo.

"Yaya, kin san abin da kike faɗa kuwa? Tashoshin Paris cike suke da 'yan sanda."

"Na sani. Na gaji da leƙen duniya ta taga."

Baba ya yi magana mai tsawo, ƙasa-ƙasa. Amma ita ta goye shi yana jariri, bai taɓa iya juya ta ba.

Ranar ta saka zanenta mai ruwan bula na zuwa suna, ta dafa dambun zogale ta cika kwano. Manya uku ne tare da mu: Madam, da Gwaggo, da mahaifiyar wata ƙawata, mutuniyar Garwa, mai jin Hausa kamar mu. A cikin jirgin ƙasa yara na ta ihu, ita kuwa Gwaggo ta manna goshi da gilashi tana kallon gonaki da shanu. Da mai duba tikiti ya shigo na ga yatsunta sun ƙanƙame carbi. Ya duba ya wuce. Ta sauke numfashi, ta dube ni ta ɗaga gira, wai kin gani ko.

A Paris sai mun canza jirgi a ƙarƙashin ƙasa kafin mu kama na Sevran. In ka san wurin ka san yadda yake: zafi, warin ƙarfe, mutane na ture juna, kowa na sauri. Madam na jan doguwar jakar kulake da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, tana haki. Gwaggo ba ta iya ganin tsohuwa da kaya ta ƙyale. Ta karɓi jakar, ta ɗora a ka kamar yadda ake yi a gida, ta miƙe tsaye ƙyam tana tafiya. Kulaken ƙarfe ne, kowane taku sai sun yi ƙara. Mutane suka fara waiwaye.

A gindin matakala 'yan sanda na tsaye. Ni na riga ta ganin su, amma ban samu na gargaɗe ta ba. Ɗaya daga ciki ya ɗaga hannu ya nuna jakar.

Gwaggo ba ta dube ni ba. Leɓɓanta ma da ƙyar suka motsa. "Wuce. Bi 'yan uwanki. Kar ki waiwayo."

Na wuce. Amma na waiwaya. Sun sauke jakar, sun zuge, sun ga kulake. Madam ta matso tana bayani, tana nuna mu da rigunanmu iri ɗaya. Wani matashi a cikinsu har ya ɗauki kulki ɗaya ya gwada kaɗawa, suka yi dariya. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya raba. Har Gwaggo ta sunkuya za ta ɗauki kayanta, sai babbansu ya ce, cikin ladabi ma, "Et vos papiers, madame?" Takardunta yake nema.

Ta kwance bakin zane ta ciro tsohuwar takardar, wadda ta yi laushi saboda ninki. Ya duba gaba, ya duba baya, ya yi magana a rediyon kafaɗarsa. Sannan ya ce ta biyo su.

Na yunƙura zan ruga, mutuniyar Garwa ta damƙe wuyan hannuna har sai da farcenta ya shiga. "In kika yi kuka a nan, kin ƙara mata kaya," ta ce a kunnena. "Haɗiye."

Madam ta tsaya tana kallon mu, tana kallon Gwaggo. Shekara guda tana shirya wannan wasa, ta bi meri, ofishin magajin gari, ta roƙi kuɗin jirgi, ta ɗinke mana lambobi a riga da hannunta. Ta buɗe jakarta ta ciro safar hannunta ta cusa mini a ƙirji, ta ce wa mutuniyar Garwa ta kai mu. Sannan ta juya ta bi bayan 'yan sanda tana dogara sanda. Na ji ɗaya yana ce mata ita ba ruwanta, ta tafi abinta. Ta ce ƙawarta ce, in ba za a bar ta ta shiga ba za ta zauna a bakin ƙofa.

Ban san yadda muka isa Sevran ba. Abin da na riƙe shi ne mutuniyar Garwa na waya da Baba, ta juya mini baya don kar in ji, da kwanon dambun da ya rage a hannuna yana ɗumi.

Aka fara wasa. Rana ta fito sosai, ciyawar filin an aske ta tana ƙamshi, iyayen ɗaya ƙungiyar sun zo da kujeru da lemo. Na tsaya a tsakiyar fili da ƙwallo a hannu, idona na kan ƙofar shiga. Na taɓa jin labarin waɗanda aka kama da safe aka kai su wani gida kusa da filin jirgin sama, ba su sake taka gidajensu ba. Jiragen kuwa ga su nan suna wucewa ta samanmu, ƙasa-ƙasa, don Sevran ba nisa da inda suke tashi. Duk wanda ya wuce sai na bi shi da ido. Jifana ya yi ta karkacewa. Mai cafe mini ƙwallo ta taso ta zo ta ce in ba zan iya ba in faɗa. Na ce zan iya. Daga nan na riƙa jifa da haushi, da dukan ƙarfina, har kafaɗa ta yi tsami. Bai hana an cinye mu ba.

Wasa ya ƙare, mutane suka naɗe kujerunsu. Wata Bafaranshiya ta kawo mana ragowar gato, wato kek, ta tambayi inda mai koyar da mu take. Muka zauna a ƙasa jikin wayar shinge. Inuwar benaye ta miƙe har ta rufe rabin fili. Mai gadi ya zo da makullai yana kaɗawa, mutuniyar Garwa ta roƙe shi ya ƙara mana lokaci kaɗan.

Sai ga tasi ta tsaya. Sandar Madam ce ta fara fitowa, sannan ita. Ƙofar ta tsaya a buɗe, ba wanda ya biyo. Na miƙe. Can sai na ga ruwan bula.

Na ruga na faɗa jikinta. Ɗankwalinta ya karkace, idanunta sun yi ja, amma muryarta na nan yadda na san ta. Ta ɗago haɓata ta ce, "Kun ci?"

"An cinye mu, Gwaggo."

"To me ya kawo ni Paris?"

Na yi dariya da kuka a haɗe. A nan bakin fili muka buɗe dambun, ya huce, muka cinye shi da hannu, har mai gadi ya sa baki.

An sake ta ne saboda tana da gida da dangi da za a same ta, kuma Madam ta kira wata lauya da ta sani. Amma an ba ta umarnin barin ƙasa. Baba na jiranmu a tashar Lyon. Ya dube ta, ya buɗe baki, ta ce, "Kar ka fara." Bai fara ba, har yau. Ya karɓi kwanon daga hannunta muka tafi gida.

An kai ƙara. Madam ta je kowane zama, ta hau matakalar kotu tana hutawa a hanya. Ba a yi nasara ba. Da sanyi ya shigo Gwaggo ta ɗaure kayanta ta koma Damagaram. Ni kuwa na daina sauka fili, ko tagar ba na leƙawa, sai da Gwaggo ta kira waya ta ce wa Baba in dai ban koma ba kar a sake haɗa ta da ni. Na koma. Na yi wasa har na gama lise, babbar sakandare, Madam na zaune a kujera tana gyara mini tsayuwa da bakin sanda. Madam ta rasu ina jami'a.

Yanzu a Paris nake aiki. Filinmu na Minguettes an gina ɗakin karatu a kansa, an rushe wasu benayen, taram, jirgin ƙasa na cikin gari, na ratsa unguwar. 'Ya'yana suna shiga jirgi su fita ba su taɓa tunanin takarda ba. Ni da aka haifa a ƙasar nan, har gobe in na sauka tashar can sai na taɓa jaka na ji katin shaidata na ciki.

Bara na je gida, Damagaram. Gwaggo ta tsufa, ido ya yi rauni, tana zaune a tabarma ƙarƙashin bedi, jikokin maƙwabta na hawa bayanta. Na daɗe ina juya tambayar a raina, ranar dai na yi ta. Na ce ko ta taɓa yin da-na-sanin raka ni.

Ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Ta ce a ranar, daga baya 'yan sandan sun bar Madam ta shigo ofishinsu ta zauna kusa da ita a benci, tsohuwar ta wuni tana koya mata dokokin wasan da yatsu, har yau ba ta gane ko ɗaya ba. Sannan ta zuba mini gyaɗar a tafi.

"Shekaru na yi ina tsoron ranar nan," ta ce. "Ko barcin kirki ba na yi. Da ta zo, ashe benci ne da kofin ruwa. Ci, 'yar nan. Ni tun daga ranar nake barci har da minshari."