Aljihun Cikin Riga

Shekarar da na gama jami'a na kai dosiyena, wato takarduna na neman aiki, na dawo gida unguwar Atrone ina jira. Aiki ɗaya nake da shi a gidan, in har za a kira shi aiki: zama kusa da kakata bayan la'asar ina gaya mata abin da ke faruwa a tele. Yanar ido ta rufe mata gani, amma kunnenta garau.

Shirin barkwanci ne na Hausa, a wani ɗan ƙaramin gari mai kasuwa ɗaya da masallaci ɗaya. Akwai mai shayi da ya san sirrin kowa, da mai unguwa mai tsoron akuya, da wani tela da bai taɓa gama ɗinki ranar alkawari ba. Ban san harkar fim ba, amma a ganina masu shirin sun iya. Ba mugu a garin. Ko an yi faɗa, kafin magariba an zauna a benci ɗaya. Mu da Larabci ya cinye rabin Hausarmu, har kalmomi muke tsinta a bakinsu.

Matsalar ni ce. Ina tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Ranar da telan ya faɗa ƙarƙashin tebur don ya hango mai kayan da bai gama ɗinkawa ba, sai na ce, "Kamar dai ya ɓuya, ko kuma wataƙila allura yake nema."

"Maigida," in ji Kaka, haka take tsokanata, "ya ɓuya ko bai ɓuya ba? Shekara uku kana boko, mutum a ƙarƙashin tebur ya gagare ka?"

Washegari ta kira maƙwabciyarmu, mai sayo atamfa daga Kusseri, ta ba ta tabarmata. Matar ta iya labari, ban musa ba. Sai dai tana ƙari. In an harari mutum, ta ce an mare shi. Kaka ta yi ta dariya, ni kuma ina bakin ƙofa ina cewa a hankali, "Ba a mare shi ba fa." Ba mai saurarena. Abin ya dame ni fiye da yadda ya kamata, ina jin don shi kaɗai ne abin da ake nemana dominsa.

Wata Laraba cunkoson gadar Ngueli, a hanyar Kusseri, ya riƙe maƙwabciyar. Kaka ta ce, "To, zo ka lalata mini."

A shirin ranar, wani tsoho a garin zai tafi Makka, ya ba telan ɗinkin riga, kowa na masa dariya. Sai aka nuna telan shi kaɗai a shago, ba magana, ƙarar keke kawai. Na ce, "Ya juya rigar. Yana ɗinka ƙaramin aljihu daga ciki, inda ba a gani."

Kaka ta gyara zama. "Wane gefe?"

"Hagu, ƙarƙashin hammata." Wannan na gani sarai.

"Ya ninka bakin?"

"Sau biyu."

Mahaifinta da ƙafa ya baro ƙasar Hausa zai je hajji, ya yada zango a nan garinmu, bai ƙarasa ba. Ta ce rigarsa ta tafiya tana da irin aljihun, nan yake ajiye takardar hanya, kuma ita ke wanke rigar tana yarinya. Ban taɓa jin wannan ba.

"Telan nan ɗan iska ne," ta ce, "amma ya san aiki."

Telan ya kai rigar kwana guda kafin alkawari, mai shayi ya kusa suma.

Da maƙwabciyar ta zo washegari, Kaka ta nuna mata kujera. "Zauna can, 'yar nan, ke ki riƙa yi mana dariyar. Tabarma ta maigida ce. Yana da jan rai, amma in ya ce hagu, hagu ne."

Na zauna. Mai unguwa ya fito a guje, na ce, "Akuya ce ta biyo shi." Sai da na danne "wataƙila" a maƙogwaro.