"Hai" Ɗin Maƙwabciyata

Wani ɗan sauti na ji ta bangon kicin, "un… un… un," kamar nishin mai ciwon ciki. Na ajiye albasar da nake yankawa, na zura hijabi na je na buga ƙofar maƙwabta. Matar ta buɗe da waya a kunne, lafiyarta ƙalau. 'Yar Japan ce, ba ta daɗe da tarewa a layinmu na unguwar Barking a London ba. Ashe da mahaifiyarta take hira, sautin nan amsa mata take yi. Ta ce a wurinsu, in ana yi maka magana ka yi shiru, kamar ka juya wa mutum baya ne.

Daga nan muka saba, har ta fara koya mini yarensu. Mijinta Bature ne, ya iya Japananci sosai, amma in tana magana sai ya zuba mata ido har ta kai aya. Ta ce wani lokaci takan tsaya ta tambaye shi ko yana nan. Ni da kalmomina ba su taka kara sun karya ba, wai na fi shi daɗin hira, don ina gyaɗa kai ina amsawa.

Yabon nan ne ya ruɗe ni. Gab da ƙaramar Sallah na haɗa Japanancina da Turanci na gayyace ta cin abinci. Tana ta "hai, hai." Ni dai an koya mini "hai" na nufin e. Ranar Sallah na yi waina da miyar taushe, na rage barkono saboda ita. Har aka yi la'asar ba ta shigo ba.

Kwana biyu ina gaishe ta a tsaitsaye, ina istigfari ina kuma jin haushi, ga tsoron kada zumuncin ya mutu a kan waina. Ita ce ta zo ta tambaye ni lafiya. Da na faɗa mata, sai ta dafe baki. "Hai" ɗin nan "ina jin ki" kawai yake nufi. Ta ce ai a ƙarshe ta ja numfashi ta ce "chotto…" ta yi shiru. Haka suke ba da uzuri, ranar tana da ganin likita. Tana ta rusunawa, ina ta cewa ni ce da laifi.

Wajen cin abinci nake ba maigidana labari, ina mamakin mutanen da za su ce e alhali ba e suke nufi ba. Autata, wadda kullum da Turanci take amsa mini, ta ɗago kai ta ce da Hausarta ta 'yan London:

"Mama, ai ke ma in Baba yana magana sai ki ce to, to, kuma ba kya yi."