Layin da Ke Tambayar Ƙarfe Nawa

A ofis Mai Agogo suke ce mata, don ba ta yarda da "ina jin kamar ya fi sauri". Sai ta auna. Aikinta rubuta manhajar kwamfuta, kuma abin da ke ƙona mata rai shi ne jira. Ka gyara harafi ɗaya tak, kwamfuta ta kwashe minti arba'in tana sake harhaɗa manhajar tun daga tushe kafin ka ga ko gyaran ya yi. Wannan jiran ne ya sa kullum 'yarta ce ta ƙarshe a ƙofar makaranta, zaune kan bencin maigadi, ta cika ta yi fam.

Ta roƙi Oga ya ba ta mako guda. Ta raba manhajar gida-gida, yadda in an taɓa ɓangare ɗaya shi kaɗai za a sake harhaɗawa. Ta auna, minti talatin da tara. Ta sauya tsari, talatin da takwas. Kai, ranar ko shayinta ba ta iya kurɓa ba don takaici.

A rana ta biyar ta bi fayilolin manhajar ɗaya bayan ɗaya, sai ga ɓarawon. Wani ɗan layin umarni ne da ke rubuta ƙarfe nawa a duk lokacin da aka fara harhaɗawa, a cikin fayil ɗin da kowane ɓangare ke karantawa. Agogo kuwa ba ya tsayawa, shi ya sa kwamfuta ke ɗauka komai ya canza.

"Wane mai shegen iyayi ne ya rubuta wannan?" in ji ta.

Dogo, abokin aikinta, ya duba tarihin fayil ɗin, ya tuntsire da dariya har da dukan tebur. "Ranki ya daɗe, ke ce. Shekara uku ke nan."

Kunya kamar ta nutse, amma ita ma dariyar ta ƙwace mata. Ta ware layin gefe, ta auna. Daƙiƙa hamsin! Ba ta yarda ba sai da ta maimaita sau uku, sannan ta buga ihun da ya fito da Oga daga ofishinsa da gudu.

Ranar tun kafin a kaɗa ƙararrawa tana ƙofar makaranta. Yarinyar ta fito ta nufi benci kamar kullum, ta hango ta, ta yi turus.

"Mama, an kore ki daga aiki ne?"

Uwar ta sure ta sama tana dariya, hawaye na zuba.