'Yan Kunne a Tukunyar Yashi

Asabar da Lahadi muka yi a wani ajin makaranta a Wudil, muna koyon yin 'yan kunne da yumɓun roba. Malamar daga Kano ta zo, da 'yar na'urar gashinta mai aiki da lantarki. Ta koya mana murzawa da haɗa launi, ta ce sai an gasa suke yin tauri.

Da za mu tashi na tambaye ta, "Hajiya, wadda ba ta da wuta a gida fa?" Ta yi dariya ta ce yanzu ai ko'ina akwai wuta.

Na koma Darki da 'yan kunnena ɗanyu, kore da ruwan goro. Ba mu da wuta a gida, sai na yi yadda muke gasa kek, yashi a tukunya, garwashi sama da ƙasa. Warin ƙonannen silifa ya cika gidan, suka fito baƙi ƙirin.

Har yau ba ƙonewar ce ke ci mini rai ba. Matar nan da ta yi mini dariya, da janareta ta kunna na'urarta, a gabanmu.