Buhu Biyu na Iri Zuwa Gafasa

Gaya

Ana sallame asuba na murza wa jif ɗina handul, ta yi tarinta ta tashi. Tsohuwar motar soja ce da na saya a gwanjo, ba ƙofa, rufinta tamfol, amma ba yashin da ke riƙe ta. Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, mutanen gidanmu a Gafasa sun cinye irin shukarsu tun rani. Jiya da yamma aka yi ruwan shuka, yayana Habu ya aiko cewa kowa ya ɗauki sungumi, ni kaɗai ake jira. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe danshi. Na ɗaure buhu biyu na irin gero a baya, na sha koko a tsaye, na kama hanya.

Fadama, kafin Ajingi

Hanyar duk ta zama kwatami, sai na sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, na riƙa ratsewa ta burtali. Da hantsi na iso wata fadama, na tarar da doguwar baƙar mota ta nutse a taɓo har ƙofa. Mai ita, wani Alhaji ɗan kwangila daga Kano, yana tsaye a tudu ya tattare babbar riga.

"Kai mai jif! Allah ne ya kawo ka."

"Ranka ya daɗe, iri na ɗauko, ana jirana a gona."

"Haba ɗana, ja ɗaya ne fa. Ka wuce Musulmi a cikin laka?"

To me zan ce? Na ɗaura sarƙa. Motar nan ta ninka tawa nauyi. Na ja, na sake ja, ta fito, ni kuma tawa ta yi ƙauri, kuloci ya ƙone ƙurmus.

Na ce ya taimaka ya ɗauki buhunan ko zuwa Ajingi ne. Ya leƙa kujerunsa, ya dubi buhunan da laka ta fantsama musu.

"Ai ba wuri. Bari in isa, yanzu zan turo maka bakanike."

Wallahi ko hannu bai ba ni ba, don nawa duk taɓo ne.

Na wuni a nan, na kwana a kan buhuna, sauro ya yi bikinsa. Duk ƙarar da na ji sai in miƙe, ashe iska ce. Washegari ma na zauna har azahar, ni wawa, wai kada bakanike ya zo ba na nan. Rana kuwa ta buɗe fayau, ina kallon taɓon yana tsattsagewa.

Ajingi

Wani mai jakuna, Malam Ilu, shi ya tausaya ya ɗora buhunan. Na bar jif a dawa, na bi jaki a ƙasa. A Ajingi ya kai ni gidan ƙanwarsa, aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka. Na tambaya ko an ga baƙar mota. Aka ce ta wuce tun jiya, ko tsayawa ba ta yi ba.

Gafasa

Da safe muka shiga gari. Gonakin maƙwabta duk an shuke, tamu ce kaɗai fili. Yaya Habu na zaune a bakin gona. Ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya ɗebo, ta zube ta tsakanin yatsunsa.

"Sannu da hanya, Sani," ya ce. Ya kakkaɓe hannunsa. Da ma zagina ya yi!

Muka yi binne, wato muka zuba irin a busasshiyar ƙasa muna jiran wani ruwan. Ruwa ya yi jinkiri, zabbi da ɓeraye suka tone rabi. Kafin kaka Yaya ya kwashi iyalinsa ya tafi neman abinci kudu, bai sake noman gonar mahaifinmu ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni gida lafiya. Na gode wa Malam Ilu da jakunansa. Alhaji kuwa, ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.