Faifan Malam Habu

Kakata Hajiya Ladi ta zo jegon Umma a Kuala Lumpur, sai korona ta rufe filin jirgi, ta maƙale da mu a unguwar Wangsa Maju. Bayan magariba mukan shimfiɗa tabarma a baranda, mu baje abincin da Abba ya yo tapau, wato ya sayo a ƙunshe, daga shagon mamak, Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, jirgin ƙasa na LRT yana wucewa ta ƙasanmu ba kowa a ciki. Tatsuniyoyin da take mana a nan sun ƙare tun azumi bai zo ba.

Wata rana ta tarar da ni ina buɗe wani wasa na sata a kwamfutar Abba. Kafin ya fara, sunan wanda ya fasa makullinsa ya fito yana rawa.

"Maigidana, wannan sunan wa ne?" Haka take tsokanata.

"The cracker lah, Hajiya."

"Ka yi min Hausa, ɗan nema!" Da na yi mata bayani sai ta ce, "Ga ta nan, amma yau babu dabba a ciki sai mutum ɗaya."

Ta ce lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidaje a Kano, ba mai sayen manhaja. Kakana Malam Habu da abokansa sukan taru ranar Asabar, kowa da akwatin faifansa, a yi ta kwafa ana shan shayi. "Duk ɓarayi ne, har da mijina," in ji ta. "Amma suna da doka: ka kwafa, ka ƙara sunanka in ka ga dama, ba ka goge na mai aiki."

Malam Habu ya rubuta tasa manhajar, ta koya wa yara karatun Hausa. In yaro ya dace, zakara ya yi cara. Ita ke buga masa kalmomin da ciki a gaba. Faifai ɗaya ne tak, ya ara wa amininsa Ɗanlami ya kwafa, kuma a makon hatsarin mota ya ɗauke Malam Habu.

Da ta fita takaba ta je karɓa. Ɗanlami ya dube ta ya ce, "Wane faifai?" A bayansa kuwa kwamfuta na kunne, zakara na cara, sunan Ɗanlami ya cika allo a gurbin na Malam Habu. Ya tara kwafi akwati guda, zai kai makarantu.

"Wallahi ban yi kuka ba," ta ce, tana nuna ni da cokali. "Gida na koma na farke rediyon kakanka, na ciro mayen ƙarfen sifika. Shi da bakinsa ya hana ni kusantar faifai da shi, don yana goge abin da ke ciki." Ranar Juma'a, maza suna masallaci, ta je gaida matar Ɗanlami. Matar ta shiga kicin, ita kuma ta zauna gaban akwatin ta goga wa kowane faifai, gaba da baya, har da na asalin mai rubutun hannun mijinta.

"Hajiya, ai kin kashe aikin Kaka!"

"Na sani sarai. Da na bar shi, jikokina za su koyi karatu suna sa wa Ɗanlami albarka. Ya je gaban shugabannin makarantu ya kunna, ko tari zakaran bai yi ba." Ta yi dariya har da tafi. "Ƙurunƙus. Tashi ka kwashe kwanuka."

Na daɗe ina jin haushinta. Yanzu ina karatun kwamfuta a Bukit Jalil, na ga yadda mutane ke tono tsofaffin faifai suna rayar da su, kuma na san na kakana ba zai taɓa fitowa ba. Ban taɓa ganin layi ɗaya da ya rubuta ba. Amma duk sanda na tuna Ɗanlami tsaye gaban baƙin allo yana zufa, sai in ji sanyi a raina, Allah Ya yafe mini. Hajiya ta rasu bara. Da Umma ta roƙe ta a asibiti ta yafe wa kowa, ta ce ta yafe, ta ɗan huta, sannan ta buɗe ido ta ce, "Ban da shi."